Fiffike Ke Faɗin Irin Yaƙin Da Aka Ƙera Jirgi Dominsa

Mazauna Ngomari da Bulumkutu da sauran unguwannin da ke kewaye da filin jirgin sama na Maiduguri sun daɗe da iya rarrabe jiragen yaƙi da kunne tun ba su ɗaga kai ba. Akwai mai ƙara kamar tsawa, wanda kafin a waiwaya ya ɓace, watau Alpha Jet, wanda ƙasar nan ta sayi guda 24 a farkon shekarun 1980. Akwai kuma baƙon da ya zo daga baya, mai gunji a hankali, da farfela a hancinsa, watau A-29 Super Tucano, wanda shidan farko daga cikin 12 da aka saya suka sauka Kano ran 22 ga watan Yuli, 2021. Da hotunan baƙon nan suka bazu ba a rasa masu gunaguni ba, suna cewa yaya za a zuba kusan dala miliyan 500 a sayo jirgi mai farfela irin na zamanin yaƙin Hitila, alhali kuwa duniya ta daɗe da komawa ga jet. Tambayar tana da kyau, amma amsarta ba a kan farfela ta ke ba. Sai an dubi fiffike.

Jirgin sama kowane iri yana tsakanin abubuwa huɗu ne masu ja-in-ja da juna. Nauyinsa yana jan sa ƙasa, inji yana tura shi gaba, iska tana turje masa, fiffike kuwa yana ɗaga shi. Yadda fiffike ke yin wannan aiki ba sihiri ba ne. An ƙera shi da ɗan doro a sama, an kuma ɗan ɗaga bakinsa na gaba, saboda haka iskar da ta bi ta kansa sai ta lanƙwasa ta nufi ƙasa, matsin da ke bisansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya rinjaya. Fiffike ya tura iska ƙasa, iska ta tura fiffike sama. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne ƙarfin ɗagawar nan ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana tsere masa ne: in aka ninka gudu sau biyu, ɗagawa ta ninku sau huɗu. To, ashe jirgi mai tsananin gudu ɗan ƙaramin fiffike ya ishe shi, mai tafiya a hankali kuwa dole ya sami mai faɗi, in ba haka ba ya faɗo.

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya ga wannan darasi a sararin gidansu. Shirwa in tana shawagi tana neman ɗan tsako, sai ta baje fukafukanta miƙe, tana kewaya wuri ɗaya ba gajiya, idonta a ƙasa. Shaho kuwa in zai kai bara sai ya tattare nasa baya ya sulmiyo kamar kibiya. Kowannensu gwani ne, amma ba a aikin ɗan'uwansa ba.

Jirgin da ya fi kama da shaho cikin waɗanda suka taɓa zama a Maiduguri shi ne MiG-21 na Tarayyar Sobiyet, wanda Nijeriya ta fara karɓa a 1975. Fiffikensa siffar alwatika gare shi, bakinsa na gaba ya koma baya da digiri 57, faɗin jirgin duka daga wannan bakin fiffike zuwa wancan bai fi mita 7 da ɗan kai ba. Dalilin mayar da fiffike baya haka shi ne iskar da ke bi ta doron fiffike ta fi jirgin kansa sauri, saboda haka tana riga shi kaiwa saurin sauti, wanda ya kai kimanin kilomita 1,200 a sa'a guda kusa da ƙasa. Da ta kai nan sai ta dunƙule ta zama kamar katanga, turjiya ta ƙaru ƙwarai, jirgi ya kama kakkarwa. Wani masani Bajamushe, Adolf Busemann, shi ya bayyana a wani taro a birnin Rum a 1935 cewa in aka karkatar da fiffike baya, iska za ta riƙa yanka shi a kaikaice, katangar nan ta jinkirta. Da wannan dabara MiG-21 ya kai ninki biyu na saurin sauti. Amma abin da ya biya ba kaɗan ba ne: ba ya iya sauka sai da gudu mai yawa a kan dogon titi, mansa ba ya jimawa, matuƙinsa kuma ba ya ganin ƙasa sosai. An ƙera shi ne domin ya tashi da gaggawa ya tare jirgin abokan gaba a can ƙololuwa ya komo. Ba a ƙera shi domin neman mutum goma bisa babura a ƙarƙashin itatuwan Sambisa ba. Sa'ad da 'yan Boko Haram suka afka wa sansanin mayaƙan sama na Maiduguri da asubahin ran 2 ga watan Disamba, 2013, hukumomin soja sun ce an lalata helikwafta biyu da wasu jirage uku waɗanda tuni an daina aiki da su. Yaƙin da ba a shirya masa ba shi ya zo har gida ya iske kayan yaƙin da aka shirya masa suna kwance.

Alpha Jet ɗan tsaka-tsaki ne, kuma shi ya ɗauki nauyin yaƙin nan shekara da shekaru. Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ta Yamma suka haɗa kai suka ƙera shi, ya yi tashin farko a watan Oktoba, 1973. Faransawa jirgin koyar da matuƙa su ke so, Jamusawa kuwa ƙaramin jirgin kai hari, sai aka yi siffa ɗaya mai biyan bukatar kowa. Fiffikensa ya koma baya amma ba can ba, faɗinsa mita 9 da kaɗan, gudunsa kuwa ya kai kimanin kilomita 1,000 a sa'a. An kafa fiffiken a kafaɗar jirgin, ba a ƙarƙashin cikinsa ba, kuma wannan ya bar fili wadatacce a ƙasa inda a ke rataya rokoki da bama-bamai da tankunan mai, har kimanin tan biyu da rabi, ma'aikata kuma suna ɗora su a tsaye ba da rarrafe ba. Mai lura zai ga bakin fukafukan sun ɗan sunkuya ƙasa. Da gangan ne. Jirgin da fiffikensa ke sama kuma ya koma baya yana da taurin kai wajen karkata, kullum so ya ke ya miƙe, abin da ya dace da jirgin fasinja amma bai dace da na yaƙi ba, saboda haka aka sunkuyar da fukafukan domin a rage masa wannan hali ya riƙa jin linzami. Injinsa biyu ne, masu suna Larzac, ɗaya a kowane kwiɓi, in ɗaya ya mutu ɗayan ya kawo shi gida. A gangar jikinsa ta baya akwai wasu marafai da ke buɗewa su tare iska, su ne birkinsa a sama, gama jirgin jet sumul ya ke, in ya sunkuyo ba ya rage gudu don kansa.

Da wannan jirgi mayaƙan saman ƙasar nan suka yi aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo cikin shekarun 1990. Bayan nan da yawansu suka kwanta saboda rashin kayan gyara, har sai da wutar Arewa maso Gabas ta tilasta aka tashe su. A 2015 ma sai da aka nemo wasu tsofaffi daga Amurka waɗanda aka riga aka kwance wa makamai, injiniyoyin rundunar suka zauna suka mayar musu da hanyar ɗaukar makami. Wannan abin yabo ne ga injiniyoyin, ba abin yabo ba ne ga waɗanda suka bari aka kai ga haka.

To, ina aibin gudu a irin wannan yaƙi? Lissafi kaɗan zai nuna. Jirgin da ke tafiyar kilomita 900 a sa'a yana cin mita 250 a kowace daƙiƙa, watau kilomita guda cikin daƙiƙa 4. Ƙauye sukutum da gonakinsa na bayan gida zai wuce ƙarƙashinsa kafin matuƙi ya gama numfashi biyu. Mai tafiyar kilomita 300 kuwa yana da daƙiƙa 12 a kan wannan kilomita ɗin. Wajen juyawa abin ya fi haka muni, domin faɗin da'irar da jirgi ke yi shi ma tsere wa gudu ya ke. In jirage biyun nan suka karkata daidai da juna, a ce digiri 60, mai kilomita 300 zai kewaya abin da ya ke kallo daga nisan kimanin mita 400, idonsa bai rabu da shi ba. Mai kilomita 900 kuwa sai ya buɗa har fiye da kilomita uku da rabi, kafin ya komo motar da ya gani ta shige duhuwa, ko kuwa ta shiga cikin mutanen da ba ruwansu. Gaskiya ne matuƙin Alpha Jet yana iya rage gudu, amma injin jet a ƙasa-ƙasa kuma a hankali mai ya ke sha kamar raƙumi a bakin rijiya, ba da jimawa ba sai ya nemi hanyar gida.

Super Tucano shirwa ce. Kamfanin Embraer na Barazil ya ƙera shi domin gadin dajin Amazon, inda abokin gaba ɗan fasa-ƙwauri ne ko ɗan tawaye, ba rundunar wata ƙasa ba. Ya yi tashin farko a 1999, ya shiga aikin sojan Barazil a 2003, Kolambiya kuma ta yi amfani da shi a kan 'yan tawayen FARC. Na Nijeriya a birnin Jacksonville na Amurka aka harhaɗa su, da haɗin gwiwar kamfanin Sierra Nevada. Fiffikensa miƙe ya ke sak, faɗinsa mita 11 da kaɗan, kusan daidai da tsawon jirgin. Iyakar gudunsa kilomita 590 a sa'a, wanda bai kai kashi biyu cikin uku na Alpha Jet ba, amma yana iya rage gudu har zuwa wajen kilomita 150 bai faɗo ba. A cikin fukafukan nan aka binne bindigogi biyu masu bakin milimita 12.7, ba a rataye su a waje ba, saboda haka ba su ƙara turjiyar iska, kuma marataya biyar ɗin da ke ƙarƙashinsa sun zauna domin wasu kaya, kimanin tan ɗaya da rabi. Fiffiken a ƙasan gangar jiki ya ke, bakinsa ya ɗan ɗaga sama, akasin na Alpha Jet, wanda ke sa in iska ta buge shi ya karkata sai ya nemi miƙewa da kansa, matuƙi ya sami sararin duban ƙasa.

Farfelar da a ke raina wa kuwa ba irin ta zamanin Hitila ba ce. Injin da ke juya ta, PT6A na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada, mai ƙarfin doki 1,600, dangin injin jet ne, sai dai maimakon ya fesa iska kaɗan da tsananin gudu ta baya, sai ya ba da ƙarfinsa ga farfela mai ganye biyar wadda ke tura iska mai yawa a hankali. Ga jirgin da ba gudu ya ke nema ba, wannan hanya ta fi tattalin mai nesa ba kusa ba. Shi ya sa in an rataya masa tankunan ƙari ya kan yi sa'o'i da yawa a sama, yana kewaye bisa ayarin soja da ke kan hanyar Bama ko Dikwa, ko bisa tsibiran Tafkin Chadi, abin da sojan ƙasa ya fi bukata ke nan: jirgin da ke nan sa'ad da aka yi kwanton ɓauna, ba wanda za a kira ya zo bayan an gama ba.

Sauran sassan da ke motsi iri ɗaya ne a jiragen duka, sunan kowanne aikinsa. A gefen baya na kowane fiffike, wajen baki, akwai wani leɓe mai maƙalli. In matuƙi ya kai sandar tuƙi dama, leɓen dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, jirgi ya karkata dama. A wutsiya akwai ƙananan fukafukai biyu a kwance masu nasu leɓɓan, su ke ɗaga hanci ko su sunkuyar da shi, sa'an nan ga tsayayyen nan kamar tutar mashi, wanda a ke juya leɓensa da ƙafa domin hanci ya dubi dama ko hagu. Kusa da gangar jiki kuma akwai manyan leɓɓa da a ke saukarwa wajen tashi da sauka, suna ƙara wa fiffike doro domin ya ɗauki jirgi da ƙaramin gudu. Amma kowane fiffike yana da iyaka. In aka ɗaga bakinsa ga iska fiye da kima, iskar da ke manne da doronsa sai ta suɓuce ta hargitse, ɗagawa ta gushe nan take. Jirgin da ya fito daga sunkuyon kai hari, yana kusa da ƙasa, da nauyin makami a jikinsa, matuƙi kuma yana fizgar sanda domin kauce wa wuta, yana daf da wannan iyaka ne ko da gudunsa da yawa.

Maiduguri ma tana da nata hukunci a kan fiffike. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, iska ta kan yi sako-sako, nauyinta ya ragu da kashi 10 cikin 100 ko fiye bisa ga ma'aunin da masu ƙera jirage ke lissafi da shi. Fiffike ya sami abin turawa kaɗan, inji ma ya sami abin shaƙa kaɗan, sai jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya rabu da ƙasa. Jirgin da ya tashi da cikakken kaya da sanyin asuba, da azahar sai an zaɓa masa tsakanin mai da makami. Da hunturu kuwa sai hazo ya rufe ƙasa, ƙura ta shiga inji tana cin ganyayen cikinsa kamar yadda yashi ke cin bakin garma. Ga kuma nisa: gidan Alpha Jet da Super Tucano duka a Kainji ya ke, kusan kilomita 1,000 daga Maiduguri, alhali dajin Sambisa bai fi kilomita 60 daga birnin ba. Wannan ne ya sa sansanin Maiduguri ya zama ƙashin bayan aikin sama tun daga Lafiya Dole har zuwa Haɗin Kai.

Kada a ɗauka tafiya a hankali ba ta da farashi. Jirgin da ya daɗe bisa wuri ya ba mai bindigar kakkaɓo jirgi da ke bayan mota lokacin saiti. Masu ƙera jiragen kai hari sun san haka, shi ya sa Amurkawa suka zaunar da matuƙin A-10 cikin wani kwano na ƙarfen titaniyam suka kuma ɗaga injinansa can bisa bayansa, Rashawa ma suka lulluɓe Su-25 da sulke, irin jirgin da maƙwabta Chadi da Nijar suka saya. Dukansu biyu fukafukansu dogaye ne, ba na tsere ba. Super Tucano yana da sulke a kewayen ɗakin matuƙi, amma injinsa ɗaya ne tak, kuma babbar kariyarsa ita ce ya tsaya sama inda harsashi ba ya kaiwa. Gudu ma bai zama laya ba. Ran 31 ga watan Maris, 2021, wani Alpha Jet mai lamba NAF 475 ya ɓace yana aikin tallafa wa sojan ƙasa a Borno, ɗauke da hafsoshi biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele, ba a ga tarkacensa ba sai bayan kusan shekara guda a cikin Sambisa. Ran 18 ga watan Yuli na wannan shekara kuma 'yan bindiga suka harbo wani a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya ja igiyar kujerar tsira, ta harba shi waje, laima ta buɗe, ya yi tafiyar dare a ƙasa har ya isa wurin soja.

Abin da ke ba Super Tucano damar tsayawa sama shi ne wata ƙwallo da ke rataye ƙarƙashin cikinsa, mai kyamarar rana da ta dare wadda ke ganin ɗumin jiki da na inji, da kuma hasken leza da ke nuna wa bam ko roka inda zai faɗa. Hafsan da ke kujerar baya yana iya duƙufa a kanta na gaba yana tuƙi. Ƙwallon tana ƙara turjiyar iska, amma ga jirgi irin wannan ciniki ne mai riba. A nan ne batun siffar jirgi ya daina zama hirar injiniyoyi. Ran 17 ga watan Janairu, 2017, wani jirgin mayaƙan sama ya jefa bam a kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Kala Balge, ana cikin rabon agaji, mutanen da suka mutu lissafi da yawa ya nuna sun haura 100, har da ma'aikatan agaji. Daga baya hedkwatar tsaro ta ce ba a nuna wurin a taswirar aiki yadda ya kamata ba. Wannan al'amari ya sa gwamnatin Amurka ta wancan lokaci ta jingine cinikin Super Tucano, sai wadda ta gaje ta ce ta amince da shi a watan Agusta, 2017. Fiffike miƙaƙƙe da kyamara suna ba matuƙi lokacin da zai duba ya sake dubawa, ya ga ko taron nan na mayaƙa ne ko na mata masu jiran masara. Ba su gyara taswira, ba su kuma tantance rahoton da aka aiko daga ƙasa. Wannan yana hannun waɗanda ke ba da umurni, kuma a wurinsu ya kamata majalisa ta riƙa neman bayani duk sa'ad da aka yi kuskure.

Alpha Jet ɗin ƙasar nan na asali sun haura shekara 40, ƙarfe kuwa yana gajiya, musamman gindin fiffike da ke lanƙwasa a duk juyin da aka yi. An ƙulla cinikin jirage 24 samfurin M-346 da kamfanin Leonardo na Italiya domin su gaje su. Wanda ya dubi hotonsa zai ga inji biyu, kujera biyu, da fiffike mai komawa baya wanda faɗinsa kimanin mita 10 ne, da wani ɗan tsiri da ya taso daga gindin fiffiken ya nufi ɗakin matuƙi. Aikin tsirin nan shi ne ya murɗa iska ta zama guguwa ƙarama bisa doron fiffike, domin kada ta suɓuce ko da an ɗaga hanci ƙwarai. Magajin Alpha Jet ne a siffa da hali, mai saurin isa Marte ko Gwoza in an kira, ba mai wuni bisa ayari ba, saboda haka wancan aiki zai ci gaba da zama a wuyan Super Tucano, da helikwaftoci, da jirage marasa matuƙi.